Yadda Ake Shirya Gasar Rubutu da Zane ta Yara a Laburaren Gari

Duk wanda ya saba leƙa laburaren gwamnati a garuruwanmu ya san masu zama a ciki: 'yan shirin JAMB da WAEC, ɗaliban jami'a masu gudun hayaniyar gida, sai dattawa masu duba jarida. Sashen yara, inda ma akwai shi, yawanci kujeru ne da ƙura. Yara da yawa ba su san an yarda su shiga ba. Suna ganin maigadi a bakin ƙofa sai su ɗauka ofis ne na manya. Gasa tana cikin hanyoyi mafi sauƙin kuɗi na cire musu wannan tsoro, muddin an tsara ta yadda sai yaro ya tako da ƙafarsa ya shigo, ya zauna, ya taɓa littafi. Wannan jagora domin ma'aikacin laburare ne, da malamin makaranta, da ƙungiyar matasan unguwa da ke son haɗa hannu da laburaren garinsu, ko babba ne kamar Laburaren Murtala Muhammed da ke Kano, ko ɗaki guda ne a sakatariyar ƙaramar hukuma.

Gasa ba baƙuwa ba ce a adabinmu. Ƙagaggun labaran Hausa na farko a rubutun boko daga gasa suka fito, wadda hukumar talifi ta Zariya ta sa a 1933 ƙarƙashin Dakta R. M. East. Abubakar Imam, wanda aka haifa a 1911, yana matashin malami ya shige ta, haka ma Abubakar Tafawa Balewa. A zamaninmu akwai gasar gajerun labarai ta Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016, amma ta mata ce waɗanda suka girma. 'Yan ƙasa da shekara 18 su ne ba su da inda za su gwada alƙalaminsu, kuma su ne laburare ya fi dacewa ya ɗauka.

Da farko, izini da mutane

Kada ku buga sanarwa kafin ku sami amincewar shugaban laburaren a rubuce, in kuma reshe ne, ta hukumar laburare ta jiha ko sashen ilimi na ƙaramar hukuma. Takarda shafi ɗaya ta isa: abin da za a yi, yaushe, yara nawa, ɗakin da ake buƙata, da inda kuɗin zai fito. Ku kafa kwamitin mutum biyar, kuma lallai a sami mace a ciki, don sai da ita iyaye za su sake su turo 'yan mata. Sannan ku je ku gaida mai unguwa ko dagaci ku shaida masa. Ziyarar minti goma ce, amma ita ke kashe tsegumin “me ake tara yaranmu ana koya musu a can?” tun bai tashi ba.

Zaɓen lokaci

Ranakun da suka fi zuwa a rai su ne 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, da 27 ga Mayu, Ranar Yara a Najeriya. Dukansu suna da matsala. Afrilu tsakiyar zafi ne, ɗakin da babu wuta ba ya zaunuwa, Mayu kuma 'yan ajin ƙarshe na sakandare suna cikin jarrabawa, malamai ba su da lokacinku. A ganina babban hutu, daga ƙarshen Yuli zuwa Satumba, ya fi. A cikinsa akwai 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, da 8 ga Satumba, Ranar Yaƙi da Jahilci ta Duniya, ko wacce aka ɗauka ta dace da bikin ba da kyauta. Sai dai damina ce. A karkara yara suna gona da safe, kuma dole a tanadi ɗaki mai rufi mai kyau, kada a dogara da rumfa. Ku duba kalandar Musulunci kuma, tunda azumi da salloli suna matsowa da kusan kwana 11 kowace shekara.

Wani abin da masu shirya taro kan manta shi ne Islamiyya. Asabar da Lahadi da safe yawancin yaran birni suna can, ko ana hutun boko ko ba a yi. Alhamis ita ce ranar da makarantun allo da Islamiyyu da dama ke hutu, saboda haka a lokacin babban hutu safiyar Alhamis ta fi kowace rana tara muku yara, har da almajirai.

Mako shida ya wadatar: biyu na sanarwa da rajista, ɗaya na bita, ɗaya na ranar gasar kanta, ɗaya na alƙalanci, na ƙarshe na biki.

Rukuni da irin gasar

Ku raba yara gida uku bisa shekaru: 6 zuwa 9, 10 zuwa 13, 14 zuwa 17. Shekaru sun fi aji adalci, domin akwai ɗan shekara 15 da ke firamare saboda ya makara shiga, akwai kuma wanda bai taɓa zama a ajin boko ba. Kada ku ce sai an kawo takardar haihuwa, za ku kori rabin yaran. Shaidar uba ko uwa ko malami ta isa.

Ƙanana a ba su zane da tatsuniya da baki. 'Yan tsakiya gajeren labari na shafi ɗaya zuwa biyu, ko ƙera abin wasa da kara da gwangwani da kwali, irin motocin da yara ke yi a lungu ba tare da kowa ya ce musu fasaha ce ba. Manya kuma gajeren labari na kalma 500 zuwa 800, ko rubutacciyar waƙa 'yar ƙwar biyu, wato mai layi biyu a kowane baiti, mai baiti 10 zuwa 15. A shekarar farko kada ku haura iri biyu ko uku gaba ɗaya. Kowane iri da kuka ƙara, kun ƙara alƙalai da kaya da kyauta.

Ku karɓi ajami. Yaron da ya yi shekaru yana rubuta allo ya fi 'yan boko da yawa riƙe alƙalami, kuma zayyana fanni ce da za a iya ware mata gurbi a ɓangaren zane. A maganar zanen ma, akwai iyayen da ba su son 'ya'yansu su zana abu mai rai. Ba wurin jayayya ba ne. Ku faɗaɗa zaɓin yadda yaro zai iya zana ƙofar gari, ko rumfunan kasuwa, ko dagi irin na jikin soro, ko zanen lalle, ya kuma ci cikakken maki. In za a yi da Turanci, a ware shi daban da nasa alƙalan, kada a gwama labarin Hausa da na Turanci a ma'auni ɗaya.

Jigo

Nan ne gasa da yawa ke mutuwa. Da an ce “Muhimmancin Ilimi” ko “Illar Shaye-shaye”, abin da za ku samu shi ne takarda hamsin masu magana ɗaya, duk wa'azin da yaran suka ji a wurin taron safe na makaranta, kowacce ta ƙare da kira ga gwamnati. Ba laifinsu ba ne, abin da suka ɗauka manya na son ji ke nan. Ku ba su jigon da sai sun tuno wani abu da idonsu ya gani: “Ranar da akuyarmu ta ɓace”, “Baƙon da ya ƙi tafiya”, “Abin da na gani a hanyar ɗebo ruwa”, “Gizo ya sayi waya”. Irin wannan ne ke fito da muryar yaro, da ban dariyarsa, da abin da ke damunsa. Siyasar jam'iyya da saɓanin aƙida da zagin ƙabila, a rubuta a ƙa'ida cewa babu su.

A cikin laburare za a yi aikin

In akwai abu ɗaya da ba zan sassauta a kansa ba, wannan ne. Gasar da aka ce kowa ya rubuto daga gida ya kawo, ta zama gasar yayye da iyaye da malaman darasi. Yanzu ma ga waya: ɗan sakandare zai iya kwafo labari daga Facebook ko WhatsApp, ko ya sa ChatGPT ya rubuta masa cikin minti ɗaya. Yaron da ba shi da yaya ɗan jami'a kuma babu waya a gidansu ya faɗi tun ba a fara ba. Ban da haka, takardar da aka aiko da ita ba ta shigo da kowa laburare ba.

Saboda haka a yi zama biyu. Na farko bita ce, mako guda kafin gasar. A baza littattafan yara a kan tebur, a bar su su juya su yadda suke so, wani mai daɗin murya ya karanta musu gajeren labari, sannan a tattauna: ta ina ya fara, ina rikicin yake, me ya sa muka ƙagu mu ji ƙarshe. Masu waƙa a nuna musu ɗango, wato layin waƙa, da baiti da amsa-amo, wato dacewar sautin ƙarshen layuka, a rera musu su ji inda kari ya karye. A nan za a faɗi jigo, kowa ya tafi da shi ya yi tunani. A nan kuma za a zaga da su a nuna musu yadda ake neman littafi a kanta da yadda ake aro.

Zama na biyu shi ne gasar. Sai dai yaranmu gwanayen hadda ne, mai wayo zai sa a rubuta masa a gida ya haddace ya zo ya juye. Maganin wannan mai sauƙi ne. A rubuta sunayen abubuwa a 'yan takardu, kamar makulli, tsohuwa, ruwan sama, takalmi ƙafa ɗaya, jaki, a zuba a ƙwarya, a kira yaro mafi ƙanƙanta ya zaro uku a gaban kowa. Dole waɗannan ukun su shiga labarin kowa su yi aiki a cikinsa. Wanda ya zo da tunaninsa zai saƙa su ba wahala, wanda ya zo da hadda kuwa ɗinkin zai fito fili.

Takarda da biro da fensir da kala duk ku za ku bayar, kowace takarda da hatimin laburare, don kada ɗan mai hali ya zo da kayan zane na kanti ɗan talaka ya zo da guntun fensir. Waya a ajiye ta a bakin ƙofa. Ƙanana minti 45 ya ishe su, manya awa ɗaya da rabi zuwa biyu. A tashi kafin azahar. Iyaye da malamai su jira a waje, in ba haka ba za ku ga ana nuni da ido ta taga. A sami malama a cikin masu sa ido, a tanadi ruwan sha da banɗaki mai tsabta, kuma kada a bar babba shi kaɗai da yaro a ɗaki rufe. Yaro makaho zai iya faɗa wani ɗan kwamiti yana rubuta masa kalma da kalma ba gyara. Mai keken guragu a sa zamansa a ƙasa, kada a ce sai ya hau bene. Masu tatsuniya da baki a naɗi muryarsu a waya guda ta kwamiti, don alƙalai su sake saurare.

Fom da yardar iyaye

Fom ɗin rajista kada ya wuce rabin shafi: suna, shekaru, unguwa, makaranta in akwai, rukuni, da sa hannun uba ko uwa ko mariƙi ko malamin allo. Wanda ba ya rubutu ya dangwala yatsa. A ƙasa a sa tambayoyi biyu daban, kowacce da e ko a'a: an yarda a kafe aikin yaron ko a buga shi, an kuma yarda a ɗauki hotonsa a yaɗa. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta wajabta neman yardar iyaye kafin a yi amfani da bayanan yaro, amma ko babu doka, akwai gidajen da ba za su yafe ba in suka ga hoton 'yarsu a Facebook ba da saninsu ba. A rubuta kuma cewa aikin mallakar yaron ne, laburare izinin nunawa kawai ya samu. Shiga kyauta ce. Ko naira hamsin kuka sa, kun tace wasu.

Sanarwa kuwa, takardar bango ita ce mafi rauni. Ku bi makarantu kafin a ba da hutu ku yi magana a taron safe, ku roƙi limamai da shugabannin Islamiyya da na coci su faɗa, ku kai wa gidan rediyon jiha a saka a shirin yara. Ku ƙayyade adadi daidai da kujerunku, in ya cika a rufe.

Alƙalanci

Mutanenmu sun san gasa mai tsari, domin sun saba da musabaƙar Alƙur'ani, wadda ake yi a matakin ƙasa tun 1986 ƙarƙashin jami'ar Sakkwato da ake kira Usmanu Danfodiyo a yau: rukuni sananne, alƙalai sanannu, maki a rubuce. Abin da za su auna ku da shi ke nan. Ranar da aka ce ɗan shugaban kwamiti ne ya zo na ɗaya, ko da ya cancanta, gasar ta gama yawo a garin.

Don haka babu suna a kan takardar gasa, lamba kawai. Rajistar da ta haɗa lamba da suna tana hannun mutum ɗaya wanda ba alƙali ba, a kulle. 'Ya'yan 'yan kwamiti da na alƙalai ba sa shiga, a faɗi wannan tun farko. Alƙalai uku ga kowane fanni: misali malamin Hausa daga kwalejin ilimi ko wata sakandaren da ba ta cikin gasar, marubuci daga reshen Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, ko wata ƙungiyar marubuta ta garin, da malamar firamare wadda ta san abin da ɗan shekara 8 zai iya da wanda ba zai iya ba.

Ga rabon makin da nake ba da shawara ga labari, bisa 100: sabon tunani da jan hankali 35, tsarin labari daga farko zuwa ƙarshe 25, daɗin harshe 20, saƙa abubuwa ukun nan 10, ƙa'idojin rubutu 10. Wasu malaman za su ce an rage wa ƙa'idojin rubutu daraja. Da gangan ne. Yara da yawa ba a taɓa koya musu bambancin k da ƙ ko d da ɗ a rubuce ba, ko inda ake raba kalma da inda ake haɗewa, kuma wannan abu ne da ake gyarawa a zama biyu. Iya ƙaga labari shi ne abin da ake nema. Kyan rubutun hannu ba shi da maki, matuƙar ana iya karantawa. Karin harshe ma ba kuskure ba ne: yaron da ya sa tsohuwar labarinsa ta yi Sakkwatanci ko Katsinanci ko Hausar Damagaram ya cancanci ƙari.

Kafin su fara, alƙalan su ɗauki takardu biyar su duba tare, kowa ya faɗi makinsa da dalili, har ma'auninsu ya kusanci juna. Daga nan kowa ya duba shi kaɗai a takardar makinsa, a tara a raba uku. Inda tazarar alƙalai biyu ta yi yawa a kan aiki ɗaya, a sake zama a kansa. Biyar na sama a kowane rukuni a kira su hira ta minti biyar, cikin raha: “Me ya sa ka kashe jakin?” “Da an ƙara miki shafi, me zai faru?” Mai aikin kansa ba ya rasa amsa. In an kama kwafe, a cire aikin a shiru, a faɗa wa yaron shi kaɗai, kada a kunyata shi a gaban tsaransa.

Wani lokaci labarin yaro ba ƙage ba ne. Idan alƙali ya ci karo da rubutun da ke nuna ana cin zarafin mai shi, kada a karanta a taro, kada a kafe a bango. A sanar da shugaban laburare, a sami dattijuwa ko dattijo mai hankali ya zanta da yaron, in abin ya tabbata a kai ga jami'an jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma.

Kyauta da kuɗi

Ku tattara kyaututtukan a hannu kafin ku faɗe su. Alkawarin mai kuɗi ba kyauta ba ne sai ya shigo ɗaki, kuma babu abin da ke zubar da mutuncin gasa kamar yaro ya yi wata uku yana sintiri yana tambayar kekensa. Masu shagon littattafai, ƙungiyoyin tsofaffin ɗalibai, masu ɗab'i da 'yan kasuwar unguwa sun fi sauƙin ba da kaya a kan kuɗi: wannan katan ɗin littafin rubutu, wancan buga takardun shaida. Ɗan siyasa in ya bayar a karɓa a gode, amma hotonsa kada ya hau takardar shaidar yara.

Tsabar kuɗi mai yawa ba ta zama a hannun yaro, kuma ita ke jawo manya su shiga maguɗi. Jakar makaranta da littattafan hikaya da ƙamus da kayan zane sun fi. Kada tazarar na ɗaya da na uku ta yi nisa. Ku ƙara 'yan kyaututtuka na gefe, kamar labari mafi ban dariya ko zayyana mafi kyau. Duk wanda ya shiga ya sami takardar shaida da sunansa a rubuce daidai, da katin aron littafi na shekara guda kyauta. Wannan katin a nemi amincewar hukuma a kansa tun a takardar izinin farko.

Ranar biki da abin da ke biyo baya

Awa biyu, a fara a kan lokaci ko babban baƙo ya iso ko bai iso ba. Mun san yadda tarukanmu suke: jawabin shugaban taro, jawabin uban taro, jawabin babban baƙo na musamman, yara na hamma a rana, sai a kira su a gurguje ana naɗe tabarma. Ku juya abin. Jawabi biyu, kowanne minti uku, sauran lokacin na yara ne su karanta aikinsu da bakinsu. Mai jin kunya a bar ƙawarta ta karanta mata tana tsaye a gefe. Alƙali ɗaya ya bayyana yadda aka ba da maki, sannan a buɗe rajistar lambobi a gaban jama'a. Duk zanen da iyaye suka amince a kafe shi a bango, ba na waɗanda suka ci kaɗai ba, a sa sunan farko da shekaru, a bar shi wata guda don yaro ya riƙa janyo 'yan gidansu su zo gani.

Labarai da waƙoƙi goma sha biyar ko ashirin mafi kyau a buga su a kwamfuta, a gyara ƙa'idojin rubutu kawai ba tare da taɓa zubin maganar yaran ba, a yi fotokwafi a ɗinke da bango mai kauri. Kwafi biyu a ba su lamba a jera a kanta kamar kowane littafi, ɗaya na aro ɗaya na ajiya, kowace makarantar da ta shiga a aika mata ɗaya. Kafin a watse daga bikin a sanar da ranar zaman karatu na gaba, Alhamis mai zuwa ko Asabar da yamma in an koma makaranta, da sunan ma'aikacin da zai karɓi yaran, a kuma gaya wa maigadi cewa duk mai riƙe da katin nan a buɗe masa. A cikin makon kwamiti ya rubuta rahoto shafi ɗaya ga hukuma: yara nawa suka yi rajista, nawa suka zo, mata nawa, abin da aka kashe da rasit ɗinsa, da katin aro nawa aka fara amfani da su. Da wannan takardar za ku nemi izini da kuɗin baɗi.